Hannun Dama da Tsohuwar Kwamfuta

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da ƴan'uwana masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da ya sami wasu a wannan shafi ina jinjina kai, yau dai na ce bari ni ma in buɗe cikina. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda sunka san mu za su gane, waɗanda ba su san mu ba labarin ya ishe su.

Lokacin da abin ya faru ni mace ce mai ji da kanta. Na yi shekaru ina aikin sakatariya a wani buro nan Dogon Dutsi har na aje aiki, kuma don na iya buga takarda ba tare da na dubi yatsuna ba, sai na ɗauka duk abin da ya shafi kwamfuta, ordinater kamar yadda muke ce mata a nan, na gama da shi. Ga baki, ga taurin kai. In na ce za a yi abu, ko sama da ƙasa za su haɗu sai an yi. Maigidana kuwa direban kamyo ne, irin manyan nan masu tirela. Albasa, wake, siminti, babu abin da bai ɗauka ba tsakanin Ƙonni da Yamai, wani zubin har Kwatano. Mutum ne mai fara'a da yawan labari. Ɗiyanmu sun girma, mata sun yi aure, mazan suna can wajen nema, saura ni da shi a gida muna faɗa muna shiryawa.

Wata safiya cikin bazara yana alwala a tsakar gida, na ji buta ta faɗi. Na leƙo zan yi masa tsiya, sai na tarar da shi ya kife gefe guda, baki ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Daga asibitin garinmu anka wuce da mu Doso. Can sunka ce hawan jini ne da ya daɗe yana ɗauke da shi bai sani ba, ya shanye masa ɓarin dama. Allah ya yi da sauran kwana. Da munka dawo gida ƙafar ta ɗan farfaɗo, yana iya jan ta da sanda, harshe ya yi nauyi amma ana tsintar kalma ɗaya-biyu. Hannun ne ya kwanta a cinya, yatsu a naɗe, kamar ba nasa ba. Matar da ke koyar da motsa jiki a asibitin ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiya: hannun bai mutu ba, amma watannin nan na farko su ne komai. In ana sa shi aiki kullum zai iya dawowa ko da rabi, in an bar shi zai sandare, kuma in ya sandare shi ke nan. Ta ba mu wata ƴar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa.

Sai dai mai hannun ya riga ya fid da rai. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hannun dama yake. Da shi ake ci, da shi ake gaisawa, da shi ake miƙa abu ga babba. Maigidana ya ƙudurta ba zai kai loma baki da hagu ba, tunda ba haka uwarsa ta yaye shi ba, kuma ba ya son in riƙa ba shi a baki kamar jinjiri. In na matsa, ya kurɓi fura kaɗan ya kau da kai. Ƙofar gida ya daina fita don kada wani ya miƙo masa hannu ya rasa abin da zai mayar. Magana ma ya bari, tun ranar da wani abokinsa direba ya zo dubiya ya riƙa ƙarasa masa kalmomi don tausayi. Ƙwallon robar kuwa ƙarƙashin gado nake tsinto ta, in ba shi, ina juya baya ya sake ture ta. Ni kuma, don ƙauna, na ɗauke masa komai. Ni ke sa masa riga, ni ke gyara masa hula, ko ƙuda ya sauka a kansa ni ke kora. Yana kwance yana kallon bango yana ramewa a gabana, ni kuma in shige madafa in yi kukana don kada ya gani.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta taso daga ƙauyensu can wajen Lugu ta tare a wurinmu. Tsohuwa ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ita a wurinta babu wani hawan jini. Ta ce doguwa ce ta taɓa shi, cikin iskokin nan da ke zaune bakin hanya, wataƙila ya taka mata wuri da mota bai nemi gafara ba. Ƙanensa kuwa ɗan kasuwa ne mai shago a cikin gari, cikin samarin nan da sunka riƙi wa'azi da gaske. Da jin haka sai ya hau istigfari, ya ce addu'a da maganin asibiti kawai, kada a kawo shirka gidan yayansa. Su yi ta ja-in-ja a kan marar lafiya, shi yana kwance yana jin su. Daga ƙarshe tsohuwa ta yanke magana: ta ba asibiti da addu'a nan da kaka, in an gama girbin hatsi hannun bai motsa ba, za ta tafi da ɗanta gida a yi masa abin da iyaye da kakanni ke yi. Na shiga gaba kura baya sayaki. Ban isa in hana uwa ɗanta ba, amma na san ƙauyen, na san rairayin hanyarsa, na san in ya tafi ba mai kai shi wurin matar motsa jiki, kuma hannun zai sandare kamar yadda ta faɗa.

Gidanmu ba shi da nisa da gudro, babbar kwaltar da ta ratsa gari. Na lura duk abin da ake yi a gida bai dame shi ba, amma da zarar babbar mota ta taho tana canza giya sai ya ɗago kai, wani lokaci har kafaɗarsa ta dama ta ɗan zabura. Wata rana na je wani shagon fotokofi da takardun asibiti, sai na tarar da mai shagon ya duƙufa a kan kwamfutarsa yana tuƙa kamyo. Wasa ne, amma wallahi sai ka rantse cikin mota kake: ga sitiyari, ga madubai, ga kwalta tana tahowa, ga ƙugin inji. Nan take zuciyata ta ce ga magani. Na roƙe shi ya zuba mini a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin na'ura. Ya tambaye ni irin kwamfutar da nake da ita, na gaya masa. Ya yi murmushi cikin ladabi ya ce tawa ta girmi wasan nesa ba kusa ba, ba za ta ɗauka ba. Na ce masa tun yana rarrafe nake aiki da kwamfuta, ya zuba mini kawai.

Tawa irin ta da ce, mai akwati dabam gilashi dabam, wadda buronmu ya bar mini lokacin da anka kawo sababbi. Ina ji da ita kamar kayan aure. Na ɗinka wa akwatin riga ta yadi mai kauri, na yi mata surfani da hannuna, ta rufe shi ruf ta kowane gefe sai ƴar kafar da wayoyi ke fita, sannan na tura shi cikin kabad tsakanin kwanonina don kada ƙura ta taɓa shi. Haka muke yi wa duk abin da muke so, talabijin ne, rediyo ne, keken ɗinki ne. A haka take buga mini takarda lafiya lau shekara da shekaru, ban taɓa ganin laifin abin ba.

Gaggawa ce ta fara kayar da ni. Maimakon in gwada ni kaɗai, sai na yi shela. Na sa an zaunar da shi a kujera gaban gilashin, na kira tsohuwa, ƙanensa ma yana nan, na tsaya ina cika baki cewa yau maigida zai koma tuƙi. Na ga idonsa ya ɗan yi haske, abin da na daɗe ban gani ba. Wasan ya daɗe kafin ya buɗe, har tsohuwa ta fara gyangyaɗi. Da ya buɗe, motar ta riƙa tafiyar hawainiya, ta tsaya cik, ta yi tsalle, ta sake tsayawa, sautin injin yana kakkatsewa. Kafin in gama ba da haƙuri gilashin ya yi baƙi, na'urar ta mutu.  Maigidana ya yi mini wani kallo da ba na fatan in sake gani, ya yunƙura da sandarsa ya koma gado. A ganinsa na mayar da shi abin dariya a gaban uwarsa da ƙanensa, na miƙa wa tsohon direba motar yara, ita ma gurguwa. Garin neman gira na kusa rasa ido, don ranar ko furar bai sha ba, washegari ma haka. Na yi nadamar da ban taɓa yin irinta ba.

Mai hankali da ya haƙura. Ni kuwa taurin kaina ya motsa, na ce ni da wannan na'ura sai ɗayanmu ya ga bayan ɗaya. A ɗakin da yake kwance kaɗai muke da wurin jona wuta mai kyau, don haka kullum bayan azahar, in kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba, sai in zauna in ba shi baya in hau gwaji. Na sauke girman kai na koma wurin mai fotokofi, ya nemo mini tsohon zubin wasan, wanda anka yi tun zamanin na'urori irin tawa. Na riƙa karanta bayanan masu irin matsalata a waya da Faransanci, na share tarkacen da sunka cika na'urar, na rage girman hoton. Motar ta fara tafiya, amma ba a daɗewa sai akwatin ya hau ƙugi cikin kabad, daga nan ɗif. Tsohuwa ta leƙo ta ce ai ta faɗa, mai abin, wato doguwar, ba ta son a yi mata wasa da mota, shi ya sa take hure shi. Ƙanen mijina, da yake akwai wasa tsakaninmu, ya ce matar yaya ta tsufa ta koma wasan yara, da tasbihi na ja da wannan lokacin da ya fi. Na ce masa ya je ya ji da shagonsa. Ita kuwa na'urar babu sunan da ban kira ta ba, ragguwa, tsohuwar banza, butulu. Duk wannan a kunnen maigida, fuskarsa na bango, na ɗauka ko saurare ba ya yi.

Ashe kunnen direba ba ya barci. Wata la'asar cikin damina, an kwana biyu ba ruwa, ɗakin ya ɗau zafi. Na kunna, akwatin ya fara ƙuginsa, ina shirin zaginsa sai na ji murya a bayana, mai nauyi, a karkace, amma cike da fushi. Na juya a firgice. Ya maimaita, da ƙyar na haɗa kalmomin: wai in kashe, zan ƙone inji. Ya ɗaga sanda ya nuna kabad, ya ce zafi, ya ce iska, ya ce in cire. Na jawo akwatin na taɓa rigar, wallahi kamar daga kan murhu anka sauke ta. Ya girgiza kai irin yadda yake yi wa sabon karen mota, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da maganar da ta fi kowace tsawo tun da ya kwanta: ya tambaye ni ko na taɓa ganin an lulluɓe lagireton mota da bargo sannan a hau tudu da ita. Ni da ba a gaya mini magana in ƙyale, ranar sai na durƙusa gaban akwatin. Hawaye kawai nake ina tuɓe wa akwatin rigarsa, don da ma faɗan nan nasa nake kewa.

Washegari shi ya fara nuna akwatin da sanda. Ya sa na ɗauko turnabis, ƙarfen kwance kusoshi, daga jakar kayan aikinsa na kwance murfin. Abin da munka gani ya ba ni kunya. Rigar ba ta hana ƙura shiga ba, ƴar fankar da ke ciki ta cushe, ƙura ta daskare a kanta kamar auduga. Na kawo tsumma zan goge, ya harare ni ya ce gashin kaza. Na samo, na zo zan share, ya ce a'a, shi. Na ɗora akwatin a kan tabarma gabansa. Ya kama gashin da hagu ya fara, amma da ya taɓa fankar sai ta juya ta kuɓuce. Ya sake, ta sake juyawa. Na miƙa hannu zan riƙe masa, sai wani abu ya ce mini in tsaya, na mayar da hannuna cikin zane. Ya daɗe yana kallon fankar. Can sai ya aje gashin, ya kamo hannun damansa da na hagu, ya ɗora shi a bakin akwatin, ya tura yatsa ɗaya tsakanin fukafukan. Gumi ya karyo masa, jijiyar wuyansa ta tashi, yatsan yana rawa, amma ya tokare fankar har ya gama sharewa. Bai dube ni ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Na fita madafa na yi sujadar godiya a kan ƙasa.

Da iska ta samu shiga, na'urar ta daina mutuwa, amma motar tana nan tana tangal-tangal, musamman in ta shigo gari a cikin wasan. Ya ce lodi ne ya yi mata yawa, tsohuwar mota ba a yi mata lodin sabuwa, a sauke kaya. Sai munka raba aiki, ni in karanta abin da ke rubuce a wurin saiti in fassara masa, shi ya yanke hukunci. Inuwar itatuwa, ya ce a sauke. Ƙyallin jikin mota, a sauke, ba biki za shi ba. Gajimare, ciyawar bakin hanya, ruwan sama, yawan ƙananan motoci, duk ya sa an zubar. Duk abin da munka cire sai mu gwada, ya karkata kai yana sauraren fankar, ya ce da saura ko ya ce ta sarara. A kan madubai anka yi rigima. Bayanan da na karanta sun ce madubai na cin ƙarfin na'ura ƙwarai, don sai ta zana hanya sau biyu, gaba da baya. Na ce a cire. Ya ce sam, direban da ba ya ganin bayansa makashi ne. Na ce ai wasa ne, ba wanda zai mutu. Ya ce to in tuƙa da kaina. Mun kwana biyu muna wannan musu, kuma ina sane nake ja, don duk gardamar da na yi sai ya tono sababbin kalmomi ya rama. A ƙarshe munka daidaita a kan madubi ɗaya, na gefen direba, shi kuma ya yarda anka ƙara dusashe hoton har allunan hanya ba sa karantuwa. Ya ce ba komai, shi da ma ba da allo ya san hanya ba.

Ranar da ƙanensa ya shigo ya tarar da yayansa zaune yana mini faɗa, tsayawa ya yi a bakin ƙofa, sannan ya juya. Da yamma sai ga shi da wata matacciyar kwamfuta da ta daɗe a bayan shagonsa. Ya ce an gaya masa akwai wasu ƴan siraran faranti a ciki da ke ƙara wa na'ura ƙarfin riƙe aiki, a duba ko za su shiga tamu. Ɗaya bai shiga ba, ɗayan ya shiga. Sai an danna shi ta gefe biyu lokaci guda kafin ya zauna, kuma maigida bai yarda kowa ya danna ba sai shi, babban yatsan hagu a gefe, na dama a gefe. Sharaɗin da ƙanen ya kafa shi ne a kashe kiɗan da ke cikin wasan, kuma in an kira salla a tsai da mota. Yayan ya ce masa shi tun ƙanen bai iya alwala ba yake tsai da mota don salla.

Ba mu da sitiyarin wasa, da maɓallai ake tuƙi. Na ce bari in sa giya ta riƙa canza kanta don ya huta, ya ji haushi kamar na zage shi, ya ce wannan tuƙin ragwaye ne. Ya sa na saita masa juya mota a hagu, giya a dama, kamar yadda take a kamyonsa. Da farko da dunƙulen hannu yake bugun maɓallin, ya haɗa da na kusa da shi, mota ta mutu a tsakiyar hanya, ya yi tsaki ya sake tayarwa. Sannu a hankali yatsun sunka fara rabuwa. Da munka koma Doso, matar motsa jiki ta murza hannun ta tambaye ni me muke yi a gida. Na gaya mata ina jin kunya. Ta yi dariya ta ce mu ci gaba, amma kada mu bar atisayen da ta ba mu da maganin hawan jini, don wasan kaɗai ba zai yi ba.

Kaka ta yi, anka girbe hatsi, ni kuwa ina jiran tsohuwa ta ta da maganar tafiya. Ita kuma ta riga ta samu wurin zama a kan tabarma gefen kujerarsa. Kullum in zai tayar da mota sai ta yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya, in ya sha kwana da gudu ta dafe ƙasa ta ce ya yi a hankali. Wata rana da azahar na kawo tuwon sabon hatsi da miyar kuka, na wanke hannu zan ba shi kamar kullum. Ya ce in miƙo masa ruwan. Ya wanke hannun dama, ya kai shi cikin kwano. Lomar farko ta faɗi a kan riga. Ta biyu ta kai baki, rabi a ciki rabi a gemu.  Ya ci har ya ƙoshi, ya ɓata rigar gaba ɗaya, ya yi hamdala. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Bayan ƴan kwanaki ta ɗaure kayanta ta ce za ta je ta ga abin da anka samu a gona, ita kaɗai. Da na raka ta tasha ta raɗa mini cewa ita ma ba zama kawai ta yi ba, ta aika gida an yi abin da ya kamata, mai abin ta saki. Ban yi mata gardama ba. Na durƙusa na yi mata godiya, don na san duk abin da ta yi, don ɗanta ta yi shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, maigidana bai koma tuƙin gaske ba, kuma ba zai koma ba. Ƙaramin yatsansa har yau a lanƙwashe yake, magana ma in ya gaji tana karkacewa. Amma yana ci da hannunsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Na gode wa Allah godiyar da baki ba zai iya faɗa ba. Na gode wa matar asibitin da ba ta ɓoye mini gaskiya ba, da mai fotokofin da na yi wa rashin kunya bai riƙe ni ba, da ƙanen mijina da ya aje ra'ayinsa ya kinkimo mana abin da yake da shi, da surukata da ta yi haƙuri har kaka.

Abin da na gane daga baya shi ne, ni na so in miƙa masa abu gyararre ya ji daɗi. Da kwamfutata sabuwa ce wasan ya tashi tun ranar farko, ina kyautata zaton da ya kalla kwana biyu ya koma bango. Abin da ya tashe shi, ya ga abu yana lalacewa a gabansa ne, kuma duk gidan ba wanda ya san ciwonsa sai shi. Ƴan'uwana masu jinya, musamman mata, ku yi hattara da irin tausayin nan da ke ɗauke wa mutum komai har ya ga ba shi da sauran amfani a duniya. Ku bar masa abin da zai yi, ko da zai ɓata, ko da zai daɗe. Kada ku yi wa marar lafiya alkawari a gaban mutane kan abin da ba ku gwada ba, don zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar kunya. Maza kuma, masu cewa lafiyarsu lau tunda suna ci suna sha, ku je a auna muku jini tun kuna tsaye.

Tsohuwar na'urar tana nan, kuma lokaci-lokaci takan yi gardama, ta hau ƙugi ko ta ƙi tashi. Yanzu na san abin da ake yi mata sarai, ko idona a rufe zan iya buɗe ta in share in mayar. Amma in ta fara, sai in leƙa zaure in ce masa motarsa ta sake lalacewa, ni na rasa kanta. Sai ya taso yana jan ƙafa yana mita, wai har yau ban san inji ba. Ni kuma in shimfiɗa masa tabarma, in miƙa masa turnabis a hannun dama, in ja bakina in yi shiru.